Gwiwar Barsu

A Tudun Aduwa, wani ƙauye gabas da Guci, ba a yi wa kare jinya. Kare ya ci abin da ya samu, ya kwanta inda ya ga inuwa, in ya ji ciwo ya lashe abinsa, in ya mutu a ja shi bayan gari. Haka aka saba, kuma babu wanda ya taɓa ganin aibun hakan sai da Hinda ta zo da nata salon.

Hinda tsohuwa ce gajeruwa mai kaifin baki. Mijinta Sabo ya rasu ya bar mata ɗaki a gidan babban ɗansu Inusa, da ƴan awaki, da kare. Karen ja ne, siriri, mai farin wuya. Sabo ne ya raɗa masa suna Barsu, a wani lokaci da maƙwabta suka dame shi da surutu a kan iyakar gona. Da aka kai Sabo makwanci, karen ya yi ƴan kwanaki yana zarya tsakanin gona da zaure, sannan ya dawo ya kwanta a bakin ƙofar Hinda, daidai inda mai gidan yake tuɓe takalmansa. Tun daga nan bai sake wuri ba.

Kada ka ɗauka tana lallashinsa. Hinda ba ta taɓa kai hannunta jikinsa ba, kuma daga safe zuwa yamma faɗa take yi masa: tashi mini nan, ƙazami, mai baƙin ci. Amma in za ta rijiya yana bayanta, in za ta gona yana gabanta, kuma shi kaɗai ne a gidan nan bai gaji da jin labarin Sabo ba. Tana sonsa ƙwarai, ko da yake da za ka faɗa mata haka a gaban mutane sai ta jefe ka da muciya.

Da damina ta kankama, gero ya fara rufe ƙasa, wata safiya zomo ya tashi a gaban Barsu. Ya bi shi da gudu yana tsallake kunyoyi, zomon ya yi kwana, shi ma ya yi, sai ƙafarsa ta baya ta dama ta faɗa ramin kurege. Ƙara ɗaya ya yi. Ya dawo wurin Hinda da ƙafa uku, ta huɗun tana lilo, ko ƙasa ba ta taɓawa.

Ta ce ƙaya ce. Ta sa tsinke ta duba tafin ƙafar, ba ƙaya. Ta ce gobe zai warware. Gobe ta zo ta wuce, gwiwar ta kumbura, kare yana nan yana tsalle da uku. Sai ta yafa mayafinta ta tafi gidan Ɗan Azumi maɗori.

Ɗan Azumi abokin Sabo ne tun suna samari. Ya ɗora ƙashin mutane, ya ɗora na awaki da na jakai, amma bai taɓa ɗora na kare ba, kuma bai so ya fara da tsufansa. Darajar marigayi ce ta fito da shi. Ya naɗe hannunsa da tsumma, ya bi ƙafar da yatsa tun daga cinya har ƙasa, ya girgiza kai.

"Ƙashi lafiya lau, Hinda. Ba karaya. Targaɗe ne." Ya ja ƙafar sau ɗaya, karen ya yi kuka ya kai cizo a iska. "Ki riƙa gasa mishi da ruwan zafi, ki shafa man shanu. Sauran kuma ba sai na faɗa miki ba. Mai ciwon ƙafa, abinci ne rabin maganinshi."

Lallai ba sai an faɗa mata ba. Lokacin da Inusa yana yaro ya faɗo daga kan aduwa ya karye a hannu, ita ta yi jinyarsa, ta ɗura masa ƴan shila da madara da man shanu har kumatunsa suka rufe masa ido. Duk wata uwa a ƙasar nan ta san haka ake jinyar mai ɗori. Sai ta ɗauki jinyar ɗan mutum kacokan ta ɗora wa kare. Tuwonta na dare, rabi nasa ne. Nonon akuyarta, nasa ne. Ranar kasuwar Guci ta kai wa mahauci daddawa, ya tara mata ƙasusuwa da kitse a leda. Barsu, wanda tun da aka haife shi bai taɓa ƙoshi sau biyu a jere ba, ya ga duniya sabuwa. Haƙarƙarinsa suka ɓace, wuyansa ya yi kauri, bayansa ya baje kamar faifai.

Ƙafar kuwa tana nan yadda take. In kumburin ya ɗan saɓe sai ya fara dangana ta ƙasa, Hinda ta yi hamdala. Awaki na fita sai ya bi su da gudu, kafin azahar ya dawo da ƙafa uku. Ita kuma sai ta ce abincin ne bai isa ba, ta ƙara masa.

Wannan kuwa a tsakiyar damina ake yi, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kowace mace tana auna hatsi da ido biyu. Rahama, matar Inusa, mace ce mai kawaici, sai dai in ta ga ƙwaryar nono ta nufi bakin ƙofar surukarta takan sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗe. Inusa ne ya kasa haɗiyewa. Shi ba mugu ba ne. Mutum ne mai ƴaƴa biyar da sa ɗaya na huɗa, kuma yana ganin uwarsa tana ramewa kare yana ƙiba.

Ana cikin haka mai keji ya biyo ta garin. Kowa ya san masu keji. Daga ƙetaren iyaka suke zuwa a kan babur, da kejin waya a baya da robobi masu launi a rataye, su karɓi kare su ba da roba ko bokiti. Inda karnukan suke ƙarewa ma kowa ya sani, ba a dai faɗa ne a gaban abinci. Mutumin ya tsaya shan ruwa a ƙofar gidan Inusa, ya hango Barsu kwance ya yi ɓul-ɓul, idonsa ya yi haske.

"Yau kejina ya cika," in ji shi. "Amma wannan ku ajiye mini. In an yi girbi hanya ta bushe, zan dawo."

Da yamma Inusa ya zo ya durƙusa a bakin ɗakin uwarsa.

"Inna, magana nake so mu yi."

"Ina jin ka." Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne.

"Karen nan ba ya gadi, ba ya kiwo. Ci kawai yake, kuma abincinki yake ci. Ni ba zan zuba ido ki kwanta ciwo saboda kare ba. Na ba shi daga nan zuwa girbi. In ƙafar ta taka ƙasa, ya zauna. In ba ta taka ba, mai keji ya tafi da shi."

"Karen ubanka ne."

"Na sani, Inna. Baba da kanshi da ba zai ajiye gurgun kare ba."

Wannan ta fi yi mata ciwo, don gaskiya ce. Ta juya masa baya, ta ce ya tashi ya ba ta wuri. Da ya tafi ta dubi Barsu, tsoro ya kama ta sosai, irin wanda rabonta da shi tun jinyar Sabo. Sai ta yi abin da ta iya, ta ƙara masa tuwo.

Abin da ya kawo Zeinabou gidan ba kare ba ne. San huɗar Inusa ne ya kama ɗingishi, kofato ya ruɓe da laka, Inusa ya buga salula ya kira ta daga Dungas, ita ce likitar dabbobi. Ta zo a kan babur, doguwar yarinya da takalman roba har gwiwa da jaka a baya. Ta wanke kofaton, ta yi wa san allura, tana haɗa kayanta sai ta ji an ja gefen hijabinta.

"Ɗiyata," in ji Hinda, murya ƙasa-ƙasa, "ku a lekol ɗinku, can makarantar likitoci, ana koya muku har da kare?"

"Ana koyawa, Inna. Ina yake?"

Inusa ya yi tsaki a hankali, amma ya biyo su, igiyar sa a hannunsa.

Zeinabou ba ta fara da taɓawa ba. Ta sa aka kira karen ya yi ƴan taku, ta kalli yadda yake ɗan dangwala yatsun ƙafar ya ɗauke. Ta jira ya zauna, ta nuna wa Hinda yadda ya miƙe ƙafar dama gefe maimakon ya naɗe ta ƙarƙashinsa. Sannan ta ɗaure masa baki da ƙyalle, ta kwantar da shi a kan gefensa, ta yi ta shafa shi har ya saki jiki. Ta kama ƙashin cinya da hannu ɗaya, na ƙwauri da ɗayan, ta tura a hankali. Ƙashin ƙasan ya zame gaba ya dawo. Har Inusa daga inda yake tsaye ya ga zamewar.

"Kin gani, Inna? Gwiwa mai lafiya ba ta yin haka. Maɗorinku ya yi gaskiya, ƙashi bai karye ba. A cikin gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, kamar yadda ake ɗaure kaya a bayan jaki. Su ke riƙe ƙashin sama da na ƙasa. Ta gaban ce ta tsinke. Shi ya sa duk sanda ya taka, ƙashin ya zame, ya ji zafi."

"To a ɗaura ta mana."

"Ba ta ɗauruwa, kuma ba ta haɗewa da kanta. A manyan birane akwai likitocin da ke yin operasiyo, wato tiyata, su sa zare mai ƙarfi a madadinta, ko su gyara zaman ƙashin su kafe shi da ƙarfe. Nan ba mu da kayan wannan aiki, ko a Magarya."

Inusa ya dubi ƙasa.

"Ban gama ba," in ji Zeinabou. "Kare marar nauyi yakan samu sauƙi ba tare da aiki ba. Jiki da kanshi yake gina nama mai tauri a kewayen gwiwar, ya riƙe ta. Amma sai an bar gwiwar ta huta, kuma sai kayan da take ɗauka ba su yi mata yawa ba." Ta sa hannu ta laluba haƙarƙarin Barsu, ta laluba, ba ta same su ba. "Inna, me kike ba shi?"

Hinda ta gyara tsayuwa, don a nan kam ba ta da abin kunya. Ta lissafa: tuwo da man shanu, nono, kitse, romon ƙashi. Tana faɗa tana jiran yabo.

Zeinabou ta ciro ma'auni mai ƙugiya daga jakarta, aka sa karen a buhu, Inusa ya ɗaga. Ta duba, ta cije leɓe don kada ta yi dariya.

"Ya haura kilo ashirin. Irin wannan kare bai kamata ya wuce sha biyar ba. Inna, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Abincin nan shi ke hana shi warkewa. Duk lomar da kika ƙara mishi, a kan gwiwar take sauka. In aka ci gaba haka, ta hagun ma za ta iya tsinkewa, don ita ke ɗauke da shi duka."

Da mari aka yi wa Hinda da ya fi mata sauƙi. Makonni tana hana cikinta, ashe da hannunta take tura shi cikin keji. Ta buɗe baki za ta yi musu, ta dubi karen a cikin buhu kamar an auno dawa, ta rufe bakinta.

Zeinabou ta faɗa mata abin yi dalla-dalla. A killace shi a wuri ƙarami, ba gudu, ba tsalle, ba bin awaki, wata biyu ko fiye. Abinci rabin abin da yake ci, ba kitse, ba man shanu. Ba ja, ba murɗawa. Safe da yamma a sa masa igiya a wuya a taka da shi a hankali, tazara kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu-sannu. Ta ba ta ƙwayoyin rage zafi da kumburi na ƴan kwanaki, ta ja mata kunne kada ta kuskura ta ba shi ƙwayar mutane ta masu talla, tana iya kashe shi.

"Ba zai koma kamar da ba," ta ce. "In ya daɗe kwance ko an yi sanyi, zai tashi da ɗingishi kafin ƙafar ta saki. Amma zai yi tafiya, zai yi gadi."

"Ta yaya zan san ta kama?"

"In zai yi fitsari, wace ƙafa yake ɗagawa?"

Hinda ta riƙe haɓa. "Ke ɗiyar nan. Da tsufana in tsaya kallon fitsarin kare?"

"Daga yau ki riƙa kallo. Yanzu mai ciwon yake ɗagawa, ya tsaya a kan mai lafiya. Ranar da kika ga ya ɗaga ta hagu, ya ɗora nauyinshi duka a kan ta dama, to gwiwar ta riƙe. Kare ba ya yi wa ƙafarshi ƙarya."

Inusa ya yi ƴar dariya ta hanci. "Mun ji, likita. Ni dai maganata tana nan, zuwa girbi."

Washegari Ɗan Azumi ya ji labari ya zo da kansa. Bai ji haushi ba. Ya ce shi ƙashi ya sani, abin da ke cikin gwiwa kuwa sai masu karatunsa. Ya kawo zana biyu da ƴan itatuwa, ya kafa wa Barsu ɗan shinge a gefen ɗakin Hinda, inda inuwar darbejiya take sauka.

Nan wahalar ta fara, kuma ba ta karen ba ce kaɗai. Kullum da safe in an buɗe wa awaki, Barsu ya dinga kuka yana tonon gindin zana, Hinda ta toshe kunne da ɗankwali tana zaginsa. Lokacin ci ya fi muni. Ta zuba masa rabin ƙwarya, ya lashe kafin ta miƙe, ya ɗago ya zuba mata ido. Ita a duniyarta ba ta san wata hanyar nuna ƙauna ba sai ta cika wa mutum kwano. Hana mai jinya abinci, a wurinta, aikin marasa imani ne. Ranar kasuwa ta dawo da ledar mahauci bisa sabo, ta tsaya da ita a bakin shingen. Daga ƙarshe ta juya ta nufi madafa ta miƙa wa Rahama.

"Ungo, ki sa wa yara a miya. Kuma daga yau ke za ki riƙa auna mishi. Hannuna ba shi da amana."

Rahama ta karɓa da hannu biyu. Tun daga ranar ita take aunawa da ƙaramin ludayi, ba ƙari ba ragi, Hinda kuma ta koma cin tuwonta duka, don ba ta da wanda za ta ba.

Sai tafiyar igiya. A Tudun Aduwa rago ake ja da igiya, ko akuyar da za a kai kasuwa. Ba a taɓa ganin an ja kare ba, balle a ce tsohuwa ce take jansa, tana taku ɗai-ɗai kamar mai rakiyar amarya. Mata a bakin rijiya suka samu abin yi.

"Hinda, layyar bana da wuri kika fara kiwo."

"Hinda, in kin kai shi Guci ki ce a saya da daraja, ya sha nono."

Ta ba su amsa daidai da su, don bakinta bai tsufa ba. Ta ce wa ɗaya gara nata karen, in ta kira shi yana zuwa, ba kamar mijin wata ba. Amma in ta wuce su kunya takan rufe ta, musamman da yake dole ta tsaya a gindin kowace bishiya ta leƙa ta ga wace ƙafa ya ɗaga. Kullum ta dama ce. Ta yi tsaki, su ci gaba.

Gero ya yi kai, ya fitar da bununi, ya fara nuna. Haƙarƙarin Barsu suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Tafiyarsu ta ƙaru, daga ƙofar gida zuwa rijiya, daga rijiya zuwa bakin gona. Ya fara taka ƙafar sosai in suna tafiya a hankali. Zeinabou ta biyo wata rana a hanyarta ta zuwa Malawa, ta taɓa gwiwar, ta ce ta yi kauri ta ciki, zamewar ta ragu, a ci gaba. Hinda ta so ta yi murna, amma a gindin bishiya har yanzu ta dama yake ɗagawa, kuma dammunan gero sun fara shigowa gari a kan amalanke.

Mai keji ya cika alkawari. Da hantsi ya iso, ranar da aka tashi da ɗan sanyi-sanyi, ya kafe baburinsa a ƙofar gida ya yi sallama. Karnuka biyu suna cikin kejin, sun yi shiru. Inusa ya fito daga rumbu da ƙaiƙayi a kansa, ya tsaya a tsakar gida, ya kasa duban ɗakin uwarsa.

"Inna, mutumin ya zo. A fito da shi mu gani."

Hinda ba ta riga ta taka da shi ba a ranar. Ta buɗe shingen, ta sa masa igiya, Barsu ya miƙe daga kwanciyar da ya daɗe yana yi, ya yi taku ɗaya, ya ɗauke ƙafar dama. Ya sake takawa, ya ɗingisa. Ta san sanyi ne da daɗewa a kwance, likita ta faɗa, amma wa zai tsaya jin wannan yanzu?

Inusa ya gani. Ya sauke numfashi, ya miƙo hannu. "Kawo igiyar, Inna. Ki shiga ɗaki, ba sai kin gani ba."

"Ni na ja shi wata da watanni. Ni zan kai shi ƙofa."

Ta ja shi a hankali, yadda suka saba, ta tsakar gida, ta gaban madafa inda Rahama ta tsaya da muciya a hannu, ta cikin zaure. Ba ta gaggauta ba, kuma ba wanda ya ce ta gaggauta. Kafin su fita zaure ɗingishin ya ragu, amma bai tafi ba.

Mai keji ya dube shi, fuskarsa ta canza. "Wannan ne? Kai, kun lalata shi. Da na gan shi da damina ya fi haka sau biyu. Yanzu sai dai ƙaramar roba."

Barsu ya ja igiya ya nufi babur ɗin, don tayar baya tana ɗauke da warin karnukan garuruwa da yawa, kuma wannan ƙofar gidansu ce. Ya shinshina tayar sama da ƙasa. Ya juya ya ba ta gefen damansa, ya yi kamar zai ɗaga, ya fasa. Ya zagaya ta ɗaya gefen, ya sake shinshinawa, gashin bayansa ya tashi. Sannan ya gyara tsayuwa, ya ɗaga ƙafar hagu sama sosai, ya tsaya a kan ta dama, ya saki fitsari a kan tayar.

Bai yi sauri ba. Ya daɗe yana yi, ƙafar tana kafe a cikin rairayi, ba ta rawa, ba ta zamewa. Hinda ta kafa mata ido, ko numfashi ba ta yi. Da ya gama ya sauke ta hagun, ya tona ƙasa da ƙafafun baya duka biyu, ya watsa wa babur ɗin rairayi.

"Kai, kai," in ji mai keji, yana ja da baya. "Ku ja karenku mana."

Inusa ne ya fara dariya. Ta kama shi har ya dafa bangon zaure, ƙaiƙayi yana zuba daga kansa, kuma duk wanda ya ji dariyar ya san ta mutumin da aka sauke wa kaya ce. Da ya samu numfashi ya share ido da hannun riga.

"Malam, ka yi haƙuri, ka sha hanya a banza. Karen nan na gida ne. Rahama, kawo mishi ruwa ya wanke tayarshi."

Hinda ba ta yi dariya ba. Ta zauna a kan dakalin ƙofar gida, igiyar tana hannunta. Wani sanyi ya sauka a ƙirjinta, ta ji daɗi irin wanda ta manta akwai shi. Ta ce alhamdulillahi, ta sake cewa. Barsu ya zo ya tsaya a gabanta yana kaɗa wutsiya, ta ɗora tafin hannunta a kansa, ba tsumma ba komai, ta bar shi a nan har ƙarar babur ɗin ta ɓace a hanyar Guci.

"Ƙazami," ta ce masa. "A gaban baƙo."

Da rana ta shiga madafa da kanta, ta ɗauki ƙwaryarsa, ta cika ta da tuwo har baki, ta kwarara nono a kai. Rahama tana kallo. Hinda ta kai bakin ƙofa, ta tsaya. Ta dubi ƙwaryar, ta dubi karen da ke kwance a inda Sabo yake tuɓe takalma, ƙafafunsa duka a naɗe ƙarƙashinsa. Ta dawo ta kwashe rabi ta mayar a tukunya, sannan ta kai masa sauran.